Kada A Yanke Baliyam Dare Ɗaya

Daga Gafasa zuwa Ajingi har cikin garin Gaya, da wuya a sami matashin da bai san ƙwayar Baliyam ba, wadda ake kira D5, da 'yan uwanta irin su Rochi da Lexotan. Wasu likita ne ya rubuta masu saboda fargaba ko rashin barci, sai suka zarce da saye a kemis shekara da shekaru. Wasu kuwa miyagun abokai ne suka jefa su. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2019 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi a Nijeriya, kuma Kano ce kan gaba a Arewa maso Yamma.

Abin godiya ga Allah ne ganin matashi ya ji wa'azi ya ƙudurta tuba. Sai dai ikhlasi ba ya wadatarwa idan babu ilimi. Wanda ya daɗe yana shan wannan ƙwaya, ƙwaƙwalwarsa ta riga ta jingina da ita wajen samun natsuwa. Idan ya zuba ta a masai rana ɗaya, cikin 'yan kwanaki barci zai ƙaurace masa, jiki ya ɗauki rawa, zufa ta karyo, zuciya ta riƙa bugawa, fargabar ta dawo fiye da ta da. Wani ya fara gane-gane, wani ya faɗi yana farfaɗiya, wadda kan iya zama ajalinsa. Nan ne dangi kan ce aljanu ne, ko su kai shi gidan mari, alhali jama'a ba su manta da abin da 'yan sanda suka tarar a irin waɗannan gidaje a Kaduna da Daura a 2019 ba.

Su kansu Turawan da suka ƙirƙiro ta sun ɗanɗana kuɗarsu. Kamfanin Roche ya fito da Baliyam a 1963, amma a 1988 hukumomin lafiya na Ingila suka yi gargaɗin kada a wuce mako biyu zuwa huɗu ana shan irinta. A 2020 Amurka ma ta tsananta gargaɗi kan haɗarin yanke ta kwatsam. Farfesa Heather Ashton, wadda ta yi shekaru tana jinyar irin waɗannan mutane a Ingila, ta koyar da ragewa sannu a hankali, misalin kashi ɗaya cikin goma duk mako ɗaya ko biyu, a dakata idan jiki ya tsananta. Tafiyar kan ɗauki watanni, wani lokaci ta haura shekara.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Musulmi, domin ita ma giya mataki-mataki aka bi kafin a haramta ta baki ɗaya. Wanda ke ragewa a hannun likita mai jinya ne, ba wanda za a zarga da raunin imani ba.

Saboda haka wajibi ne duk wanda abin ya shafa ya je Babban Asibitin Gaya, ko Asibitin Dawanau, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ya faɗi gaskiyar adadin da yake sha ba tare da jin kunya ba. Ya damƙa ƙwayar ga amintaccen ɗan'uwa da zai riƙa ba shi gwargwadon abin da likita ya ƙayyade. Ya guji haɗa ta da Tramol ko kodin, don haɗin na iya tsayar da numfashi. Idan farfaɗiya ta zo, a garzaya asibiti nan take.

'Yan'uwa su rufa masa asiri, su ja shi a jiki a masallaci da wurin sana'a. Masu kemis da ke miƙa wa yara wannan ƙwaya ba takardar likita kuwa, su ji tsoron ranar hisabi. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya tsare zuriyar Musulmi.