Jaruminmu Bai San Hadari Ba

'Yan'uwa marubuta, ku yi haƙuri, yau da mu nake. Kullum jarumin labarinmu attajiri ne mai zirga-zirga Dubai. Ina ɗalibar Jami'ar Tarayya ta Dutse mai auna ruwan sama, mai bin hotunan tauraron ɗan'adam don gano inda ambaliya za ta bi? Tun 2003 Najeriya ta mallaki NigeriaSat-1, duk shekara NiMet na fitar da hasashen damina, amma manomin Gantsa a Buji gabas yake duba kafin ya shuka gero. Binciken yana kulle cikin Turanci, mu masu makullin muna can muna faɗan kishiyoyi. Ambaliyar 2022 ba ta tsaya jiran tafinta ba. Ku shiga jami'a, ku tambaya, ku rubuto mana.