Gwanjo a Intanet: Wa Zai Kare Mai Kaya?

Gabatarwa

Duk lokacin da aka tayar da zancen damfara a cinikin intanet, hankalin jama'a yakan koma ne ga mai saye, wato wanda ya tura kuɗinsa bai ga kaya ba. Da wuya a tuna da mai sayarwa, alhali shi ma yana kwana da nasa ciwon. A Birnin Zariya, inda ɗinkin manyan riguna da huluna ya daɗe yana ciyar da gidaje da dama, masu sana'a sun koma tallata hajarsu a WhatsApp da Facebook da Instagram. Wasu sukan sanya hoton kaya su ce a taya, wanda tayinsa ya fi a sallama masa. Ra'ayin wannan muƙala shi ne, mai kaya ba zai tsira daga mayaudaran masu tayi ba sai an mayar wa tayi da nauyin da yake da shi a kasuwar gargajiya, wato a san mai yin sa, a kuma sami mai tsaya masa.

Yadda Magabata Suka Tsare Mai Kaya

Gwanjo ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. A kasuwar birni dillali yakan saɓa babbar riga a kafaɗa yana zagayawa da ita rumfa-rumfa. Wannan ya taya, wancan ya ƙara, mai kaya ya ce albarka, har a kai farashin da zai sallama. A cikin gidaje kuma dillaliya ce ke shiga lungu-lungu da kayan matan aure, ta sayar, ta kawo kuɗi, ta ɗauki la'adarta.

Abubuwa uku ne suka riƙe wannan tsari. Na farko sanayya: mai tayi yana da fuska, yana da unguwa, an san ko ɗan Kwarbai ne ko daga Tudun Wada ya shigo. Na biyu lamuni: baƙon da ba a sani ba yakan bi ta hannun dillali ko maigidan da ya sauke shi, idan ya saɓa alkawari shi za a riƙe. Na uku hukunci: akwai sarkin kasuwa da sarkin dillalai, ga kuma kunya, domin wanda ya taya ya zille sau biyu, ba dillalin da zai sake tsayawa a gabansa. Saboda haka tayi magana ce mai tsada, mutum yakan auna aljihunsa kafin ya furta ta.

Abin da Intanet ta Sauya

Intanet ta faɗaɗa kasuwa ƙwarai. Mai ɗinki a Ƙofar Doka yana iya sayar wa mutumin Legas ko Yamai ba tare da ya fita daga zaurensa ba. Sai dai ta zo da kasuwar ta bar waɗancan ginshiƙai uku a baya. Buɗe shafi da sunan ƙarya da hoton aro ba ya cin kuɗin kirki, kuma mutum ɗaya yana iya mallakar shafuka biyar. Daga nan ne hanyoyin cutar mai kaya suka ɓullo.

Akwai tayin wofi. Wani ya taya hula da farashin da ya kori kowa, a sallama masa, sannan ya kashe waya. Masu saye na gaskiya sun watse, mai kaya ya yi asarar lokaci, kayan kuma sun sha ido.

Akwai kuma tayin haɗin baki, wanda ya fi wancan dabara. A ɗauka an sa riga a gwanjo. Mayaudari ya taya ta naira dubu 40 da shafinsa na farko, nan take ya taya dubu 150 da shafi na biyu. Duk mai niyyar bayar da dubu 80 sai ya janye. Ana gab da rufe gwanjo sai shafi na biyu ya ɓace, a koma ga mai bi masa, rigar ta faɗa hannun mai dubu 40. Mai kaya yana tsammanin mutum biyu ne, ashe kura ɗaya ce ta yafa fatar akuya biyu.

Sai kuma alat na bogi, wato saƙon banki na jabu ko hoton rasit da aka shirya da waya. Wannan ya sami gindin zama ne yayin da mutane suka raja'a ga biyan kuɗi ta taransifa, musamman tun ƙarancin takardun naira na farkon shekarar 2023. Mai kaya ya ga saƙo, ya garzaya tasha ya ba direba kaya, sai daga baya ya duba asusunsa ya tarar babu ko kwabo. Wani ma yakan ce ya tura fiye da kima bisa kuskure, a maido masa da rara, sai mai kaya ya yi asara biyu.

Mafi muni ita ce satar suna. Wani ya kwashe hotunan kayan mai sana'a, ya buɗe shafi da sunanta, ya karɓi kuɗin jama'a. Ita da ba ta ci nanin ba, nanin ta ci ta, domin sunan da ta shekara goma tana ginawa ya zube a mako guda.

Darasi daga Addini da Wasu Ƙasashe

Shari'ar Musulunci ta halatta cinikin gwanjo, amma ta haramta najashi, wato mutum ya taya kaya ba da niyyar saye ba. Malamai sun fi kawo shi a matsayin cutar da mai saye, inda ake zuga farashi don a ruɗe shi. Duk da haka tushen ɓarnar ɗaya ne da abin da ke faruwa yau, wato tayin da babu gaskiya a bayansa. A shekarar 1993 Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa, a zamanta na ƙasar Burunai, ta amince a nemi mai shiga gwanjo ya ajiye wani abu na lamuni, bisa sharaɗin a mayar wa duk wanda bai yi nasara ba, a kuma lissafa shi cikin farashi ga wanda aka sallama wa.

A Amurka, kamfanin eBay da aka kafa a 1995 ya gina kasuwarsa ne a kan shaidar da masu ciniki ke ba juna bayan kowace hulɗa. A 2008 kamfanin ya hana masu sayarwa ba masu saye mummunar shaida, abin da ya jawo ƙorafin 'yan kasuwa, domin sun ga an karɓe musu sandar da suke kare kansu da ita. Wannan ya nuna cewa masu dandali sukan fi lallashin mai saye, tunda shi ke kawo kuɗi. A nan gida kuwa, lokacin da Hukumar Kwastan ta buɗe gwanjonta na intanet a 2017, ta wajabta wa mai tayi ya gabatar da lambarsa ta biyan haraji. Hukuma ta san ba a cinikin biri a sama, don haka ta kare kanta. Me zai sa mai ɗinkin hula ya rasa irin wannan kariya?

Mafita

Da farko, a ɗaure kowane tayi da mutum sananne. Nijeriya tana da kayan aikin yin haka: Babban Banki ya ƙaddamar da lambar BVN a 2014, kuma tun Disamban 2020 gwamnati ta umurci a haɗa layukan waya da lambar ɗan ƙasa ta NIN. Ya kamata dandalin da ke gudanar da gwanjo ya tantance mai tayi kafin ya bar shi ya taya. A zaurukan WhatsApp kuma, kada a shigar da baƙo sai wani ɗan zaure ya tsaya masa, kamar yadda maigida ke tsaya wa fatake.

Na biyu, kaya masu tsada a nemi kafin alƙalami kafin tayi. A nan akwai buƙatar lura, domin mazhabar Malikiyya da muke bi ba ta yarda mai kaya ya cinye irin wannan kuɗi idan ciniki ya warware ba. To, a mayar da shi. Amfaninsa dai ya samu, tunda ya bayyana ainihin sunan da ke kan asusun mai tayi, ya kuma sa riƙe shafuka biyar ya zama wahala.

Na uku, a farfaɗo da dillanci. Ƙungiyoyin maɗinka da na 'yan kasuwar birni suna iya naɗa amintattu da za su riƙe kuɗin mai saye har kaya su isa, sannan su miƙa wa mai kaya, a biya su la'ada. Su kuma ajiye rajistar lambobin da aka tabbatar sun yi yaudara, bayan an saurari ɓangarorin biyu.

Na huɗu, mai kaya ya tsare kansa. Kada ya saki kaya sai ya ga kuɗi a cikin asusunsa da idonsa. Idan mai tayi mafi tsoka ya janye, a sake buɗe gwanjon daga farko. Ya kuma adana hirarraki da rasit, domin Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi hukunci ga zamba da sojan gona ta kwamfuta, amma 'yan sanda da Hukumar EFCC ba sa aiki sai da hujja.

Wani zai ce waɗannan sharuɗɗa za su kori masu saye, kuma mutane ba sa son bayyana bayanansu ga wanda ba su sani ba. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa bai dace mai kaya ya riƙa karɓar lambar BVN ko NIN ta kowa ba. Aikin dandali ne da banki, su da doka ta ɗora wa tsare sirrin mutane. Game da raguwar masu tayi kuwa, mutum uku masu niyyar biya sun fi talatin da ba a san ko su wane ne ba.

Kammalawa

Ɗalibin da ke shirin zama malami yana iya tambayar ina ruwansa da wannan batu. Ruwansa babba ne. Yaran da zai koyar su ne ke riƙe wa iyayensu waya, su ke ɗaukar hoton kaya, su ke karanta alat. A cikinsu ne kuma ake samun mai buɗe shafin bogi yana ganin wayo ne. Malamin Hausa yana da damar shigar da wannan cikin darasin sana'o'in gargajiya, ya bayyana wa yara ma'anar tayi da sallamawa da la'ada da lamuni, ya sa su kwaikwayi ciniki a aji, sannan su gwada shi da na waya. Yaron da ya fahimci cewa tayi alkawari ne, zai ji nauyin karya shi ko da ba a ganin fuskarsa, zai kuma san abin da zai nema daga baƙo kafin ya bari mahaifiyarsa ta saki kayanta.