Raddi Ga Mai Cewa Talauci Ba Maganar Haƙƙi Ba Ce

Wani marubuci ya kawo hujjoji uku cewa matsanancin talauci ba ya cikin haƙƙoƙin ɗan Adam. Mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce talauci ƙaddara ce, abin da ke kan mai hali kuwa sadaka ce ta ganin dama. To ai Alƙur'ani, a Suratuz Zariyat da Ma'arij, haƙƙi ya kira rabon mabuƙaci a dukiyar mawadaci. Ibn Hazm a Al-Muhalla ya tafi a kan cewa idan zakka ba ta wadatar ba, shugaba ya tilasta wa masu hali su ciyar da matalautan garinsu, su tufatar da su, su ba su matsuguni. Sayyidina Umar ma ya dakatar da yanke hannun ɓarawo a shekarar yunwa. Shin shi bai san ƙaddara ba ne?

Ya kuma ce lalaci ne. Nan ya ba ni mamaki. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce 'yan Najeriya miliyan 133, kashi 63 cikin ɗari, suna cikin talauci ta fuskoki da dama. A Sakkwato abin ya haura kashi 90. Duk raggaye ne? Na taɓa ganin wata mai ƙosai a tagar sayar da magani ta wani asibiti. Ta kwance bakin zaninta, ta ƙirga kuɗin sau biyu, ta ce: "Ɗan nan, ba ni rabi, in na yi ciniki gobe na karɓi sauran." Maganin zazzaɓin ɗanta ne. Tun asuba take gaban kasko.

Hujjarsa ta uku ta fi nauyi, ba zan ɓoye ba. Ya ce sashe na 16 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ambaci abinci da matsuguni, amma sashe na 6(6)(c) ya hana kai ƙara a kan Babi na Biyu, inda sashe na 16 ɗin yake. Sai dai ya manta cewa tun 1983 Najeriya ta mayar da Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam dokar cikin gida, kuma a cikinta akwai haƙƙin lafiya da ilimi. Da ita ƙungiyar SERAP ta je kotun ECOWAS. Gwamnati ta kafa hujja da wannan Babi na Biyun, kotu ta ƙi karɓa, a 2010 ta hukunta cewa ilimin firamare kyauta haƙƙin kowane yaron Najeriya ne. Marubucin bai ko ambaci wannan shari'a ba.