Kama da Wane Ba Wane Ba Ce: A Auna Kafin a Harba

Duk wanda ya taɓa kallon finafinan kaboyi ya san libarbar nan mai ganga a tsakiya, wadda ke juyawa duk lokacin da aka ɗana ta. Samuel Colt ya yi rajistar ƙirarta a Amurka a shekarar 1836, kuma da irinta aka gwabza Yaƙin Basasar Amurka daga 1861 zuwa 1865. Ba a sa mata harsashi irin na zamani. Gangar tana da ramuka shida. A kowane rami ana zuba albarushi, a ɗora dunƙulen dalma, a danna shi ciki, sannan a kafa 'yar hular tartsatsi a bayansa.

Na asalin sun yi tsada, sun kuma tsufa, don haka masu sha'awa suka koma ga kwaikwayonsu. Aldo Uberti ya kafa masana'antarsa a 1959 a Gardone Val Trompia, kusa da Brescia a Italiya, sannan kamfanin Pietta ya biyo baya a yankin. Har yau daga can ake kai akasarinsu Amurka da Turai, don wasan harbi da kuma wasan kwaikwayon tarihi.

Ra'ayina shi ne, babu dalilin da zai sa mutum ya harba irin wannan bindiga bai auna ramukan gangarta ɗaya bayan ɗaya ba. Mu ɗaliban harshe ya kamata mu fi kowa saurin gane haka, domin tun a aji ɗaya aka koya mana cewa suna daban, mai suna daban. Lambar da aka buga a jikin bindigar suna ce kawai. Kwaikwayon Colt ta 1860 ana ce mata mai lamba .44, amma dalmar da ake sa mata takan kai .451 ko .454 na inci. Ta 1851 kuwa sunanta .36, dalmarta .375 ko .380. Wanda ya bi suna ya sayo dalma, ya sayo wa kansa wahala.

Me ya sa dole dalmar ta ɗan fi ramin faɗi? Domin ita ce murfi. Idan aka danna ta, bakin ramin yakan yanke mata siririn zobe cikakke, alamar ta toshe ko'ina ke nan. In zoben bai fito ba, ko ya fito rabi, to akwai kafa. Ta wannan kafa, ko ta hular da ba ta zauna daram ba, wutar ramin da aka harba kan tsallaka ta kama na kusa da shi. Sai ramuka biyu ko uku su tashi lokaci guda, alhali ɗaya ne kaɗai ke daidai da bututu. Sauran dalmar sai ta bugi jikin bindigar ko ta fita ta gefe, hannun mai harbi kuwa yana nan kusa.

Awon ba shi da wuya. Da ma'aunin kauri irin na masu gyaran inji ana iya sanin faɗin kowane rami, a ga ko shidan sun yi daidai, ko wani ya yi ƙwai maimakon da'ira. A kuma duba ko kowane rami yana tsayawa sak da bututu idan an ɗana, da ko gangar tana girgiza. Wanda ba shi da kayan awo ya kai wa ƙwararren maƙerin bindiga.

Wani zai ce ai Italiya tana da gidan gwajin bindigogi na hukuma a Gardone, kuma ana buga hatimi kafin a fitar da su. Gaskiya ne. To amma hatimin shaida ce ta ranar da aka yi gwajin. Bai san tsatsar da ta ci ramin bayan shekara goma ba, ga shi kuwa tokar albarushi tana jan laima ta ci ƙarfe idan ba a wanke ba. Bai san ko mai ita na farko ya ƙara wa ramukan faɗi ba. Masu jikin tagulla ma sukan saki idan aka yawaita cika musu albarushi. Hatimin kuma bai hana wawa zuba garin harsashin zamani marar hayaƙi ba, wanda ƙarfinsa kan tarwatsa gangar.

A Nijeriya dokar makamai ta sa libarba cikin makaman da aka haramta mallaka sai da izini na musamman, don haka ba kira nake yi a nemo ta ba. Amma darasin ya shafe mu. Bindigar toka da mafarauta da 'yan bindigar hawan Sallah ke riƙewa da albarushi take aiki, kuma ita ma takan fashe a hannun wanda ya cika ta da ka. Albarushi bai san Bature ba, bai san Bahaushe ba. Awo na minti goma ya fi jinyar shekara, yatsa kuwa in ya tafi ba ya dawowa.