Kura da shan bugu: mataimakin mai horar da ƴan ƙwallo a makarantun Kurfai

Duk wanda ya taɓa bi ta gefen filin ƙwallon wata makarantar kolej a Filinge, ko Bonkuku, ko Damana, da la'asar sakaliya, ya ga wani mutum wanda ba safai ake tambayar sunansa ba. Shi ne ya riga kowa zuwa, da buhun ƙwallaye a kafaɗa da jarkar ruwa a hannu. Shi ya sa yara suka share ƙaya da ƙarangiya, ya zana iyakar fili da toka, ya ɗaura ragar da ya ɗinke da hannunsa. Idan an tashi, shi ne na ƙarshen tafiya, don sai ya ƙirga riguna, ya kuma tabbata kowane yaro ya kama hanyar gida kafin magariba. Ranar da aka ci kofi kuwa, daraktan makaranta ya yi jawabi, babban mai horarwa ya sha hannu da manyan baƙi, shi kuma yana can bayan taro yana kwance raga. Hausawa suka ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan mutum shi ne mataimakin mai horarwa, kuma a kansa filinmu na wannan mako zai tsaya.

A makarantun kolej da lise na ƙasar Nijar, jagorancin ƙungiyar ƙwallo yakan faɗa hannun malamin motsa jiki, wanda galibi ya fito daga makarantar INJS ta Yamai, inda ake horar da malaman wasanni. Amma malami ɗaya ba ya iya riƙe azuzuwa da yawa da safe, sannan ya riƙe ƙungiya shi kaɗai da maraice. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka sai a nemo masa mataimaki. Wani lokaci matashin malamin lissafi ne ko na Faransanci, daga cikin malaman kwantaragi da suka yawaita a makarantun ƙasar tun ƙarshen shekarun 1990. Wani lokaci tsohon ɗan wasan gari ne wanda gwiwa ta hana shi ci gaba, yana tela ko gyaran babur a bakin kasuwa, yana rufe shagonsa da la'asar ya nufi fili. Ko wanne ne daga cikinsu, abu guda ya haɗa su: babu takardar da ta naɗa shi, babu layin da aka rubuta wa aikin nan a takardar albashinsa.

Mai kallo daga nesa yakan ɗauka aikin mataimaki bai wuce ɗaukar kaya ba. Alhali kuwa rabin horon a wuyansa yake. Babban mai horarwa shi ke zaɓen ƴan wasa goma sha ɗaya, ya tsara yadda za a tsaya a fili, ya yi magana da alƙalin wasa. Mataimaki shi ke jan yara su ɗumama jiki, shi ke ware mai tsaron gida gefe guda yana jefa masa ƙwallo har hannu ya saba, shi ke tsayawa da yaron da bai iya buga ƙafar hagu ba bayan kowa ya watse. Shi ke riƙe da littafin sunaye da shekarun haihuwa da hotuna, domin a gasar makarantu babu rigimar da ta kai ta shekaru, kuma ƙungiya takan ci wasa a fili a ƙwace mata a kan tebur saboda takarda guda. Idan yaro ya gurɗe, shi ke goya shi zuwa likita, shi kuma zai tsaya gaban mahaifin yaron ya sha faɗa. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, shi ya san a wace sa'a za a fara da kuma yawan ruwan da za a tanada. A watan azumi kuma shi ke rage nauyin horon don kada wani ya faɗi.

Akwai wani aikin da ya fi waɗannan nauyi, wanda ba a fili ake yin sa ba. Uba manomi a Kurfai bai sa ɗansa lakwal don ya bi ƙwallo ba, kuma idan ya ga sakamakon jarrabawa ya yi ƙasa, ƙwallon zai fara zargi. Mataimaki ne ke zuwa zaure bayan isha'i, ya gaida maigida, ya ɗauki alkawarin cewa duk ranar da makin yaro ya faɗi, shi da kansa zai zaunar da shi a benci. Yara da dama da suka kai ga jarrabawar birebe, tsoron rasa rigar ƙungiya ne ya riƙe su a aji. Wannan ba ya cikin rahoton kowane sufeto, amma duk wanda ya yi koyarwa a ƙauye ya san haka abin yake.

Idan aka dubi inda aka mai da wannan aiki sana'a, sai a ga tazarar. A Amurka akwai wasan da suke kira ƙwallon ƙafa, ko da yake ƙwallon mai siffar ƙwai ne kuma da hannu aka fi ɗaukarsa, wanda jami'o'i ke bugawa gaban dubban ƴan kallo. A can, mataimaki yana da tsani da aka san matakansa. Yakan fara yana ɗalibin babban digiri, yana yanka hotunan wasannin abokan hamayya da dare a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Daga nan a ba shi rukunin ƴan wasa guda ya horar, sannan ya zama mai tsara dukan ɓangaren kai hari ko na tsaro, daga bisani wata jami'a ta kira shi ya zama babba. Yawancin lokacinsa a hanya yake ƙarewa, yana zaga makarantun sakandare da gidajen iyaye don ya shawo kan yaro mai hazaƙa ya zaɓi jami'arsa. Tun 1996 suke da lambar yabo ta Broyles, wadda ake bai wa mataimakin da ya fi kowa a shekara. Kirby Smart ya karɓe ta a 2009, yana mataimakin Nick Saban a jami'ar Alabama. Bayan kakar 2015 ya karɓi ƙungiyar jami'ar Jojiya, ya kuma ci kofin ƙasa a kakar 2021 da ta 2022. A 2018 jami'ar LSU ta ƙulla da mataimakinta Dave Aranda a kan dalar Amurka miliyan 2.5 a shekara, wato sama da sefa miliyan dubu. Amma ko a can gadon ba na auduga ba ne: ranar da aka kori babban mai horarwa, yawancin mataimakansa sukan ɗaure kaya tare da shi, su kwashi iyali su nemi wani gari.

Ba wanda zai ce a kawo albashin Amurka gaɓar Dallol Boso. Abin dubawa shi ne tsanin, domin ko a nan Afirka, da yawa daga cikin waɗanda suka ɗaga kofi daga bencin mataimaki suka taso. Hervé Renard mataimakin Claude Le Roy ne a ƙungiyar Gana kafin ya ci kofin Afirka da Zambiya a 2012. Aliou Cissé mataimaki ne a ƙungiyar Senegal da ta je wasannin Olamfik na Landan a 2012, aka ba shi babbar ƙungiya a 2015, ya kawo wa ƙasarsa kofinta na farko a Fabrairun 2022. Emerse Faé kuwa ana tsakiyar gasa aka kori maigidansa Jean-Louis Gasset a Janairun 2024, lokacin da Kodebuwa ke bakin fita a gidanta. Aka miƙa masa ragama, ranar 11 ga Fabrairu ya doke Najeriya da ci 2 da 1 a Abijan. Ilimin da ya fito da shi a makonni uku ɗin nan, a zaman benci ya tara shi, lokacin da ba mai kallonsa.

Ƴan Nijar ma suna da nasu darasin, mai daɗi da ɗaci. Ɗan ƙasa ne, Haruna Dula, ya jagoranci Mena ta doke Masar da ci 1 da nema a Yamai a Oktoban 2010, alhali Masar ta ci kofin Afirka sau uku a jere. A Oktoban 2011 Mena ta samu tikitin gasar Afirka karo na farko a tarihinta, ta bar Afirka ta Kudu da Saliyo da Masar a baya, kuma hukumar CAF ta zaɓe shi mai horarwar da ya fi kowa a nahiyar a shekarar. Duk da haka, da aka je gasar aka haɗa shi da Bafaranshe Rolland Courbis a matsayin mai ba da shawara, kuma bayan Gabon ta ci Mena 2 da nema a wasan farko a Janairun 2012, sai ragamar ta koma hannun baƙon. Shekara goma sha ɗaya bayan haka, a farkon 2023, Dula ɗin nan ne ya kai ƴan wasan cikin gida zagayen kusa da na ƙarshe a gasar CHAN a Aljeriya. Idan har gwanin Afirka zai wayi gari a kujerar baya, to mai karatu ya auna matsayin wanda ke zana fili da toka a Kurfai.

Abin da ke cikin wannan magana ya wuce ƙwallo. Filinge ba ta wuce kilomita 180 daga Yamai ba, kuma babban filin wasan ƙasar, wanda aka buɗe a 1989, sunan ɗan wannan yanki yake ɗauke da shi, Janar Seyni Kunce, haifaffen Fandu. Amma ga yaron kolej na Kurfai, hanyar zuwa wannan fili ta fi hanyar cin rani nisa. Da an gama girbi, tunanin Najeriya, ko Libiya, ko wuraren haƙar zinariya irin na Jado da aka buɗe a 2014, shi ke cika zukatan samari. Ga kuma rashin tsaro: tun 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a wasu gundumomin jihar Tilaberi, har da Abala, kuma makarantu ɗaruruwa suka rufe a jihar a shekarun da suka biyo baya. Yaran da iyayensu suka baro ƙauyuka suka shigo gari, sau da yawa a filin ƙwallo suke fara yin abokai, a nan kuma suke samun babban da zai tambaye su ko sun ci abinci. Yaron da ke da horo ƙarfe biyar na yamma yana da inda ake jiransa. Wanda ba shi da shi, akwai masu jiransa a wani wuri, kuma ba alheri suke nufinsa da shi ba.

To amma mataimaki shi ma ɗan Adam ne. Malamin kwantaragi yana jiran ranar da za a ɗauke shi cikakken ma'aikaci ko a yi masa canjin wurin aiki, kuma ranar da takardar ta zo, ƙungiyar da ya gina shekara uku takan watse cikin wata guda, domin ba a tanadi wanda zai gaje shi ba. Tela kuma ranar da ya yi aure, maganar cefane za ta rinjayi maganar usur. Hukumar FENIFOOT takan shirya horon masu horarwa don samun takardun shaidar CAF, waɗanda ake hawa mataki-mataki har zuwa ta ƙoli, amma kuɗin mota da masauki da abinci na kwanaki a Yamai ba ƙaramin abu ba ne ga wanda albashinsa ke ƙarewa kafin tsakiyar wata. Haka mutum zai shekara goma yana horarwa ba shi da takarda ko ɗaya da zai nuna wa wata ƙungiya.

Gyaran bai fi ƙarfin masu karanta wannan shafi ba. Alhazan kasuwa da ke sa kofi da sunansu a lokacin hutu, Allah ya saka musu, amma kofi ƙarfe ne, a kan kabad yake ƙarewa. Da za a cire jika hamsin ko ɗari daga kuɗin bikin a biya wa mataimaki guda horo a Yamai, da ribar ta kai yara ɗaruruwa cikin shekaru. Daraktocin makarantu da sufetoci kuma suna da abin da ya fi kuɗi, wato alƙalami. Su rubuta wa mataimaki takardar naɗi a farkon shekara, su sa sunansa a takardar wasa kusa da na babba, su ambaci aikinsa a rahoton ƙarshen shekara, su kuma rage masa awa ɗaya ko biyu a jadawalin aji. Ƙungiyar iyayen ɗalibai tana iya ɗaukar nauyin akwatin magani da ruwan sha, don kada ya riƙa fitar da su daga aljihunsa. Ofishin magajin gari kuwa, ranar raba kyaututtuka, bai kamata ya manta da kiran mutum na biyu gaban jama'a ba. Shi ma babban mai horarwa yana da nasa hakkin: ya bar mataimakinsa ya jagoranci wasan sada zumunci ko na ƴan ƙananan aji, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

A fagen kokowa, wadda gasarta ta ƙasa ta faro a Tawa a 1975, ba wanda ya jahilci cewa bayan kowane mai takobi akwai waɗanda suka yi ta kayar da shi a turɓayar ƙauye har ya ƙware, kuma idan ya dawo da kyauta yakan tuna da su. Ƙwallon makaranta bai kamata ya gaza kokowa sanin ya kamata ba. Mena ta ƴan ƙasa da shekara 17 da ta je gasar duniya a Indiya a 2017, har ta tsallake zagayen farko, ba daga sama yaranta suka faɗo ba. Kowannensu akwai wanda ya fara nuna masa yadda ake tsayar da ƙwallo a kan rairayi, ba tare da an biya shi ko dala ba.

Saboda haka, ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya bi ta gefen fili da la'asar, ya daure ya tsayar da babur ɗinsa, ya gaida mai jarkar ruwa, ya tambayi sunansa da abin da ya rasa. Allah ya taimaki mai taimako, ya kuma zaunar da ƙasar Kurfai lafiya.