Ɗan koyon kafinta ya san daji kafin ya riƙe zarto

A Damagaram har yau tsofaffi suna ba da labarin dokar Sarki Tanimun, wanda ya yi mulki har zuwa 1884: wanda ya sare gawo ba da izini ba, hukunci mai tsanani ne ke jiransa. Sarkin ya san amfanin itacen. Gawo yana kaɗe ganye da damina, gero ya samu rana da taki a ƙarƙashinsa, da rani kuma dabbobi su ci 'ya'yansa.

Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, gonaki da yawa sun zama fili fetal. Manoma ne suka farfaɗo da su da sassaben zamani: in kututture ya yi toho, a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a sassabe sauran. A Magariya da Matamaye da Mirya gawo ya sake cika gonaki, a faɗin Nijar kuwa masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200. A 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya raina a gonarsa.

Abin da nake gani shi ne, masu sana'ar itace an bar su a baya a wannan tafiya. Katakon da kafintocin birnin Zinder ke yin ƙofa da benci da shi galibi daga Najeriya ake shigo da shi, kuma kullum ƙara tsada yake yi. Masassaƙin turmi da akushi sai ya yi nisa kafin ya samu ƙirya. Azarar giginya, wadda aka rufe soraye da ita a unguwar Birni, ta yi wuya. Yaron da muke kai wa koyon sana'a yau, da wane itace zai yi aiki nan da shekara 20?

Wani zai ce sassabe ba ya ba da katako, sai itacen girki da ƙotar fartanya. Akwai gaskiya a ciki, domin maɗaci da ƙirya suna ɗaukar shekaru masu yawa kafin su isa sara. To wannan ne ma dalilin farawa yanzu. Kafin lokacin, rassan da aka sassabe sun isa a yi ƙota da muciya da 'yar kujera, aduwa kuma ta ba da allon almajiri ba tare da an kayar da uwar itace ba.

Malamai, ranar 3 ga Agusta ana dasa itatuwa a ko'ina, amma nawa ne ke kaiwa baɗi? Ku ba kowane aji itatuwansa ya killace, ya shayar, ya ƙirga su a ƙarshen shekara. Ku gayyato masassaƙi da manomi su nuna wa yara wane reshe ake cirewa, wane ake bari.

Iyaye kuma, idan za ku damƙa yaro ga maigidan sana'a, ku roƙe shi ya riƙa tafiya da shi gona da wurin sayen itace. Idan kun je sayen turmi, ku tambayi inda aka saro shi. Allah ya albarkaci 'ya'yanmu da gonakinmu.