Harbin kunama a Tamale: ciwon da ba ya shiga lissafi

Da zarar zafin Maris da Afrilu ya kankama a Tamale, jama'a kan fito da tabarmi tsakar gida su kwana, daidai lokacin da kunamu ke fita farautar dare.

Mutane sun fi tsoron duwu, baƙar ƙatuwar kunamar da ta fi yawa a dazukan kudancin Ghana, alhali dafinta ba shi da ƙarfi sosai. Haɗarin yana ga ƙananan kunamu masu siririn hannu da kaurin wutsiya, dangin Buthidae. Hottentotta na cikinsu, ana samun ta a filayen arewa, mafi muninsu kuwa, Leiurus da Androctonus, suna can wajen Agadez, inda harbi kan kashe yara.

Wani nazari na 2008 ya ƙiyasta cewa ana harbin mutum miliyan 1.2 a duniya duk shekara, fiye da 3,000 na mutuwa. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa sakaci, ba ta haɗa da kunama ba. Ga shi yawancin waɗanda aka harba a gida suke jinya, don haka ba su shiga rajistar asibiti, abin da ba a ƙidaya ba kuwa ba a ware masa kuɗi.

Babba yakan sha raɗaɗi ya warke. Yaro kuwa, in aka ga zufa, amai, dalalar miyau ko numfashi da ƙyar, a garzaya da shi asibiti mafi kusa ko Asibitin Koyarwa na Tamale, kada a tsaya tsaga.